Uwar Sauro

A cibiyar binciken cututtuka, tun daga mai gadi har direba, Uwar Sauro suke ce mata, kuma tana amsawa. 'Yar gajeruwar mace ce mai saurin tafiya, a tsaye take cin abinci, in ta zauna kuwa ƙafarta ɗaya ba ta daina kaɗawa. Inna, surukarta, takan ce mata, "Ke kullum kamar wadda ake jira a ƙofar gida."

Da shara ta fara a cibiyar, shekara tara da suka wuce. A ƙarshen baranda akwai wani ɗaki mai zafi da danshi inda ake kiwon sauro don gwaji, ma'aikata ba sa son daɗewa a ciki. Wata safiya tana goge ƙasa ta leƙa wani tire da tsutsotsin sauro ke iyo a ciki, ta ce wa Dokta, wata doguwar mace mai tabarau wadda ke jagorantar binciken, "Ranki ya daɗe, ruwan nan ya yi yauƙi. Waɗannan ba za su kai gobe ba."

Ba su kai ba kuwa. Bayan mako guda Dokta ta karɓe tsintsiyar daga hannunta, ta ba ta farar riga.

Aikin ya zo daidai da halinta, don sauro ba ya jira. Da safe ta sauya ruwan tire, ta barbaɗa wa tsutsotsi garin abincin kifi, ta tsince waɗanda suka kusa yin fiffike ɗaya bayan ɗaya ta kai su keji. Ta jiƙa auduga da ruwan sukari ta ɗora wa manya. Sau biyu a mako ta ɗumama jini a wata 'yar na'ura ta kifa a saman kejin, matan su sha su yi ƙwai. Keji goma sha biyu ne. Goma na 'yan gida, waɗanda aka yi shekaru ana kiwonsu a ɗaki, kowane magani ya taɓa su sun mutu, don haka da su ake auna ƙarfin magani. Biyu na 'yan waje, waɗanda ake kwaso tsutsarsu daga kududdufai. Abin da Dokta ke son sani shi ne ko maganin da ake saka wa gidan sauro yana kashe na wajen har yanzu.

Dokar ɗakin mai tsauri ce. Ba turare, ba sabulu mai ƙamshi, balle maganin feshi. A gida Tela, mijinta, ya samu abin tsokana.

"Duniya kenan. Mutane na neman yadda za su kashe sauro, matata tana ba shi shayi."

"Ruwan sukari ne."

"To, saura madara."

Kowane keji yana da hannu na raga, kamar hannun riga, wanda ake zura hannu ta ciki. In sun yayyage Tela ke ɗinka sababbi da farar raga marar magani da take karɓo masa daga ma'ajiyar cibiyar. Ya yi sau biyu, an yaba. Karo na uku ta kawo su ranar Litinin, ta ɗaura wa kowane keji nasa.

Ranar Talata ta tarar da gawarwaki a gindin keji uku. Ta kwashe, ta ƙirga, ta rubuta a takarda. Ranar Laraba abin ya kai keji bakwai. Waɗanda ke da sauran rai suna kwance a bayansu suna juyi, ƙafafu a sama. Saura mako uku a fara babban gwajin da aka yi shekara ana shirinsa.

Uwar Sauro ta rasa inda za ta sa kanta. A makon an sauya abubuwa da yawa, an sayo sabon sukari, an wanke tankin ruwa, masu fenti sun shafe baranda. Ta zubar da sukarin. Ta ɗauko ruwa daga wani gini a bokiti, sawu takwas, har kafaɗarta ta yi tsami. Ta duba ma'aunin zafi ya fi sau ashirin a yini. Ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma saboda warin fenti. Ko sau ɗaya ragar ba ta zo mata a rai ba, ai hannun mijinta ne, ta san aikinsa. Tana ta zura hannu daga wannan keji zuwa wancan tana duba su, mutuwa kuma tana bin sawunta.

Ranar Juma'a Dokta ta sa aka kira Mai Feshi, wani dattijo da ke feshin ciyawa da kwari a harabar. Ya tsaya a bakin ofis da hula a hannu.

"Wallahi ranki ya daɗe, ban kusanci tagar nan ba. Shekarata sha ɗaya a aikin nan, na san iyakata."

"To daga ina maganin ya shigo?" in ji Dokta. "Mutuwar magani ce wannan, na san kamanninta. Ka zauna a gida tukuna, sai mun gama bincike."

Uwar Sauro na tsaye a baranda ya wuce ta, bai ɗago kai ba.

Ranar Asabar da rana ta kasa zaman gida. Ta wanke kwanukan da aka riga aka wanke, ta share tsakar gida sau biyu, har Inna ta ce, "Don Allah ki fita ki sha iska, kina sa ni jiri." Ta ɗauki abincin Tela ta kai masa shago. Tana ajiye kwanon a gefen keken ɗinki ta hango guntayen farar raga a kwandon ƙyallaye. Ta ɗago ɗaya. A gefensa akwai 'yar takardar kamfani ɗinke, irin wadda ake gani a jikin gidan sauro.

"Baban yara, wannan fa?"

Ya leƙo ta saman tabaransa. "Au, ragowar aikinku ce. Wadda kika kawo ta kasa, saura hannu biyar. Sai na tuna da sabon gidan sauron da aka ba Inna a asibiti, yana nan a leda ba ta buɗe ba. Fari ne, ido iri ɗaya."

"Ka yanka gidan sauron Inna?"

"Zan saya mata wani. Ai raga raga ce."

Ta zauna a kan bencin masu jira, ta miƙe, ta sake zama. "Mai magani ce! Maganin kashe sauro ne a jikinta! Ni da hannuna na ɗaura musu, ni na riƙa yaɗa shi keji keji."

Ƙafar Tela ta tsaya a kan feda. Ya rage murya. "Maman yara, saurara. Gobe na ɗinka wasu, ki je da sassafe ki sauya. Wa zai sani?"

"Mai Feshi fa? Yana gida a zaune saboda mu."

"In mutuwar ta tsaya ai za su dawo da shi."

"Su dawo da shi suna yi masa kallon mai laifi?"

"To ke in suka kore ki fa?"

Ta miƙe. Ta ƙunshe guntun ragar a leda ta fita, ta bar shi da abincin da bai buɗe ba.

Ranar Lahadi ta je cibiyar kamar yadda ta saba, don sauro bai san hutu ba. Ta kwance hannuwan duka ta ƙulle a leda, ta rufe bakunan kejin da tsofaffin da ta tsinto a ma'ajiya. A nan ta ga cewa abin da Tela ya faɗa mai yiwuwa ne. Ba kowa a ginin sai mai gadi, kwandon shara kuma ga shi a bayan ɗaki. Ta ɗauki ledar har bakin kwandon, ta tsaya, ta dawo da ita. Ta yi haka sau biyu. A ƙarshe ta tura ta ƙarƙashin teburinta ta kulle ƙofa.

Ranar Litinin tun kafin Dokta ta ajiye jaka ta shiga ofis, ta ɗora ledar a kan tebur, ta faɗi komai a tsaye, numfashi ɗaya. Dokta ta cire tabarau ta rufe ido.

"Shekara shida muna raya 'yan gidan nan. Kin san haka?"

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Kin kai kayan gwaji shagon tela, kin dawo da su ba ki duba ba. Ni ma da laifina da na yarda tun farko." Ta buga tebur da tafin hannu. "Jiya har cewa na yi a rubuta wa bawan Allahn nan Mai Feshi takardar sallama!"

Dokta ta mayar da tabaranta. Can ta ce, "Waɗanne keji ne suka samu mai maganin?"

Uwar Sauro ta tuna da ɗinkinsu, zarensu ya fi kauri. "Na biyu, na huɗu, na biyar, da na 'yan waje duka biyun."

"Na 'yan waje?" Dokta ta miƙe. Suka tafi ɗakin tare, Uwar Sauro na gaba. Kejin 'yan gida shiru, sai ɗaiɗaiku. Na 'yan waje kuwa fiye da rabi suna nan a maƙale a jikin waya, wasu na shan ruwan sukarinsu.

"Kwana shida da ragar a bakinsu," in ji Dokta a hankali. "Wannan ba hujja ba ce, sai mun gwada yadda ya kamata. Amma ba na son abin da nake gani."

Ba a kore ta ba. An ba ta takardar gargaɗi, an hana fitar da kowane kaya daga ginin. Da yamma ita da Tela suka je gidan Mai Feshi. Tela ya yi ta murza hula yana ba da haƙuri, dattijon ya ce ya wuce, amma ya yi wata biyu yana amsa gaisuwarta a gajarce.

An ɗage babban gwajin. Aka roƙo ƙwai daga wata cibiya, suka iso a kan jiƙaƙƙiyar takarda cikin akwatin sanyi, baƙaƙe ƙanana kamar toka. Uwar Sauro ta wanke kowane keji sau uku, ta shanya a rana. Wata huɗu ta yi kafin kejin goma su sake cika, a cikinsu ta rame har siket ɗinta yana juyawa.

Da aka yi gwajin, zargin Dokta ya tabbata, yawancin sauron kududdufan yankin ba sa jin tsohon maganin. Cibiyar ta koma gwada wata sabuwar raga mai magani iri biyu. Ran da sakamakon farko ya fito, Dokta ta kira ta ta nuna mata a kwamfuta, dogayen layuka da gajeru.

"Wannan dogon shi ne waɗanda sabuwar ta kashe. Cikin ɗari, tamanin da bakwai."

"To yaushe za ta iso unguwarmu? Yaran maƙwabtanmu biyu suna kwance da zazzaɓi yanzu haka."

"Sai an sake gwadawa a gidaje, sannan hukuma ta duba. Shekara biyu, ko uku."

"Uku?" Uwar Sauro ta dubi layin, ta dubi Dokta. "Ba yadda za a yi a gaggauta?"

"Akwai. Gwajin gidaje yana son sauro dubu biyar kowane mako. Yanzu nawa kike fitarwa?"

"Dubu biyu."

"To kin ji."

Uwar Sauro ta fita ba ta ko rufe ƙofar ofis ba. A baranda ta ci karo da direba, ta tare shi ta ce gobe ƙarfe bakwai ya kawo mota, an yi ruwa shekaranjiya, kududdufan bayan masaƙa sun cika, kuma ya taho da bokiti shida, ba huɗu ba.