Numfashin da Allura Ta Cinye

Mai Garmaho ake ce masa, ko da yake rabon da a kawo masa garmaho gyara har ya manta. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne a ƙarƙashin bene, daga kujera ɗaya sai gwangwanin allurai da tarin faya-fayai. Duk wanda ya kuskura ya yabi faifan zamani na sidi a gabansa ya janyo wa kansa wa'azi. Wai sautin sidi kamar ɗakin asibiti yake, tsabta kam ba a magana, amma babu ɗumin mutum a ciki.

Mutane sun ɗauka taurin kan tsufa ne, alhali da dalilinsa. Marigayiya matarsa ta taɓa yin amshi a wata waƙa tun tana budurwa, kuma faifan na hannunsa, ƙwaya ɗaya tak. Dab da za a karɓi amshi akwai inda take jan numfashi, ta ɗan riga sauran. Abin da ya rage masa nata ke nan a duniya.

Shi ne mai yi wa mutane faɗa kada su riƙa mayar da allura wuri ɗaya, don cin faifai take yi. Amma laifi tudu ne! Kullum sai ya ɗaga ta ya mayar daidai wurin nan.

'Yarsa ta ga faifan na ƙarewa, ta lallaɓa ta kai aka juye shi a sidi, aka share duk wani ƙaraf-ƙaraf. Ta kunna masa tana murna. Amshi ya shigo fes, babu numfashi.

"Kin kyauta, 'yar nan," ya ce, "amma sun wanke har da uwarki."

Ta ce ya nuna mata wurin a faifan, sai a sake juyewa a bar dattin. Ya goge faifan, ya ɗora allura, ya ɗaga yatsa yana jira. Wurin ya zo ya wuce. Ya mayar, ya sake mayarwa.

"Baba," ta ce a hankali, "ni shuu kawai nake ji."

Ya matsa da kunnensa jikin lasifika, yau da niyyar ji, ba tunawa ba. Gaskiyarta. Allura ta daɗe da cinye wurin, kuma da hannunsa ya ba ta. Ga shi babu wanda zai ɗora wa laifi.

Har yanzu yana buɗe shagon. In an yabi sidi a gabansa, sai ya ce haka ne.