Baƙon da Aka Kashe a Rumfar Goge

Kakata Iya Tabawa ta raina tatsuniyar gizo. Ita sai labarin da zai hana ka fita fitsari. Bayan isha'i takan zauna gaban murhu tana suyar gyaɗar da za ta kai kasuwa, mu jikoki mu kewaye ta, kowa idonsa a kan kasko. Wanda ya miƙa hannu ya sha ludayi. In ta ce ga ta nan, ba ta ma jiran mu amsa, sai ta wuce abinta.

Labarin da ya fi zama a raina shi ne na rumfar goge. Ta ce a bayan kasuwar garinsu akwai wata rumfa da ake goge duk ran kasuwa da la'asar. Wata rana wani baƙo ɗan koli ya ajiye kayansa ya shiga rawa. Ya taka har ya fi 'yan gari, mata suka yi ta rangaɗa masa guɗa. Wani saurayi ya ji haushi, ya zare wuƙa ya soke shi, ya shiga daji. Aka binne baƙo ba wanda ya san sunansa, balle garinsu.

Tun daga ranar rumfar ta gagari zama. Da rana tsaka sai a ji takun rawa, ƙura na tashi, a leƙa ba kowa. Ko awaki kewaye ta suke yi.

Mai gogen ne abin ya tsaya wa a rai. Ya haɗa waƙa, ba yabo a cikinta, kamannin mamacin kawai ya jera: tsaga uku-uku a kumatu, wushirya, jar hula, ɗan yatsan hagu guntu. Ya ɗauki gogensa ya bi kasuwanni yana rera ta. Iya takan rera mana ita ta hanci, tsikar jikinmu na tashi. Ta ce an daɗe, sai a wata kasuwa mai nisa wata tsohuwa mai daddawa ta saki faifanta ta kira sunan ɗanta, Ilu. Aka rako ta har rumfar, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce masa ta ji. Ba a sake jin takun ba.

Ni dai raina bai kwanta ba, na tambaye ta wanda ya yi kisan fa.

"Kai ka damu da wannan, Mai Gida," in ji ta. "Shi mamacin ba shi yake nema ba. So yake a gaya wa uwarsa ta daina ajiye masa tuwo."

Sai da na zo Riyad na gane maganarta. Ina dako a wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu, inda mudir, wato manajanmu, ke kiran duk baƙin mutum Muhammad. A ɗakinmu akwai wani dattijo Bahaushe da muke ce wa Baba Dogo. Aikin Umara ya zo yi ya zauna, ba shi da iƙama, takardar izinin zama, shi ya sa ba ya son a tambaye shi gida. Mu ma muka ƙyale shi, don nan kunya ce ka tona wa mutum wannan. Ran wata Juma'a cikin tsananin zafi ya kwanta bayan masallaci, bai tashi ba.

Muka duba kayansa, babu komai sai carbi da riguna. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba. Ban iya waƙa ba, don haka na ɗauki waya na naɗi muryata. Na faɗi tsayinsa, da zanen fuskarsa, da tabon ƙuna a gwiwar hannu, da yadda yake shan shayi ba sukari. Na tura wa direbobi da ɗalibai da duk Bahaushen da na sani, na roƙe su su tura gaba har gida.

Har yau ba wadda ta saki faifai. Wani lokaci nakan ce ko wata tasa tana can tana cewa ya samu duniya ya manta da su, sai in kasa cin abinci.

Gadonsa yanzu wani ɗan Bangaladash ne a kai, ba ya jin Hausa ko kaɗan. Na zaunar da shi na koya masa sunana na yanka, da sunan garinmu, da na mahaifiyata. Yana ta dariya yana karya su, ni kuwa ban bar shi ya tashi ba sai da ya faɗe su daidai.