Maruƙan da Aka Bari a Dangwali

A rugarmu ta gefen Falgore, in an yi sallar isha, mukan kewaye kakata Inna Dudu a bakin wutar da ake hura wa shanu saboda sauro, ta yi mana tatsuniya. Yawanci dariya muke sha har cikinmu ya ƙulle. Ban da dare ɗaya.

An ce gobe masu karɓar jangali za su iso. Baffa, mahaifina, ya riga ya yanke shawara: kafin asuba ƙaninsa zai kora rabin garken cikin daji, a biya na abin da ido ya gani. Kowa ya san in aka kama mutum da ɓoyo tara ce za ta hau kansa, kuma saniya ake ja. Inna Dudu ta fi kowa sani, to amma Baffa ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta dube shi ta ce kada ka yi. Yana can bayanmu yana tufka igiya.

Sai ta ɗaga murya fiye da kullum. "Ga ta nan tafe, mai kunne ya matso."

Wai Zaki ne ya ce kowace dabba ta riƙa kawo masa rabonsa duk girbi. Kurege ya kawo gyaɗa tafi guda, yana kukan fari ya cinye gonarsa, alhali raminsa maƙil yake. Zaki bai yi musu ba. Cewa ya yi a kawo 'ya'yan Kurege ya sa musu albarka. Suka zo kumatu kamar za su fashe. Ranar aka kwashe ramin kaf.

"To, ku gaya mini," in ji Inna Dudu, idonta a kan wuta, "ya ɓoye gyaɗa, wa zai ɓoye masa kumatun 'ya'ya?"

Igiyar ta tsaya a hannun Baffa. Ni kuwa ina ta roƙon Allah ya sa ya fasa. Ya miƙe ya shige bukka.

Bai fasa ba. Da hantsi masu jangali suka iso, suka tarar da maruƙa ɗaure a igiyar dangwali suna ta kukan iyayensu, don ba za su iya tafiyar daji ba. Babbansu ya dubi maruƙan, ya dubi shanun da suka rage.

"Malam, waɗannan ƙasa ce ta haife su?"

Aka biya jangali cikakke. Tara kuma ta tafi da baƙar saniyar da nononta ke riƙe da gidanmu. Na yi kuka har muryata ta dishe.

Yau hatsi nake sayarwa a Tudun Wada. Duk sanda ma'aikatan haraji suka tuna mana cewa wanda ya rage biya cikin shekara za a ci shi tara, hankalina kan koma kan Inna Dudu. Na daɗe ina jin haushinta: me ya hana ta buɗe baki kawai? Sai da na manyanta na gane ai ta buɗe. Tatsuniyar nan ba tamu ba ce. Ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi wa ɗanta, shi kuma ya ji ta sarai.