Kujerar da Ta Motsa a Bayana

'Yan uwa, yau na yi ihun neman rai, aka tafa mini!

Baffana mai sayar da motoci ya kawo manya biyu gidanmu a Tasawa, ta Japan da ta Koriya. Shi da Baba suka hau gardamar wadda ta fi tare ƙara. Baffa ya ce, "Hadiza, shiga ta Koriya ki yi ihu, mu saurara."

Suka rufe ni a baya. Sanyi da shiru kamar cikin gajimare.

Sai wani abu ya motsa cikin kujerar! Yana bin gadon bayana, yana hawa wuya. Maciji! Na rasa hannun ƙofa. Na ƙwalla ihu ina dukan gilashi. Baba ya kara kunne, yana yi mini alamar in ƙara. Baffa har da tafi!

Suna buɗewa na faɗo ina kuka, "Baba, maciji!"

Baba ya rarumo taɓarya zai rafka wa kujerar. Baffa ya riƙe shi: "Yaya, kar ka kashe ni! Kujera mai tausa ce, gwiwar hannunta ta danna maɓalli!"

Har yanzu Baba yana kan kujerar, ya hana a buɗe ƙofa.