Karkataccen Aski

Tun yana yaro ba ya ganin nesa, shi ya sa unguwa ta laƙaba masa Mai Tabarau. Amma a fagen aski sai dai a sara masa. In ya fitar da layin goshi, kai ka ce da zare ya auna. Ga mulki: duk girman mutum, in ya hau kujerarsa sai ya sha tsawa. "Kar ka motsa, malam!"

Da gumi da gashi suka ishe shi a kan tabarau, sai ya je aka yi masa aikin ido da na'urar haske ta leza, ya rabu da su. Ya ji daɗin abinsa, har ya ba matarsa gidan tabaran ta zuba allurai. Ba a jima ba gani ya koma dishi-dishi, komai biyu-biyu. Likita ta ce tantanin gaban idon ne ya rage kauri ya turo, tabarau ba zai gyara ba. Sai dai wani ɗan gilashi mai tauri, bai kai farce ba, da zai riƙa ɗorawa a kan ƙwayar idon.

Nan gizo ke saƙar. Mutumin da ke ɗora reza a maƙogwaron ƙatti, da yatsa ya nufi idonsa sai ya runtse. Ya yi watanni yana aski da lalube, kullum gabansa na faɗuwa, yana jiran ranar da mutane za su watse ya rufe shago. Bencin masu jira kuwa kullum a cike.

Ran nan matar ta gaji, ta dafe masa ƙeya a gaban madubi. "Kar ka motsa, malam!" Dariya ta ƙwace masa, ta ɗora masa gilashin ya zauna.

Ya isa shago yana ganin komai tar, ya dubi masu jira. Mai faci, layin goshi a karkace. Direban bas, gemu gefe ya fi gefe. Yayansa, an zaftare masa bayan kunne. Duk aikin hannunsa ne, kuma ba wanda ya taɓa cewa uffan. Irin mutanen da ya tara ke nan, ba kuma a banza ya same su ba.

Kunya ta rufe shi, ƙwalla ta cika masa ido. "Yaya, haka kuke yawo a gari?"

"To wurin wa za mu je?" in ji yayan. "Gashi ne, tsirowa yake. Huluna muka saya."

Ya kaɗe kujera, ya ce yayan ya fara hawa.