Awa Sha Biyu da Ba Laifin Baba Ba

Wallahi na gano kuskuren! Shi ya sa tun asuba muka tashi daga Dakata, ni da abokina mai babur, takardar shaidar kuskuren a aljihuna, zuwa kamfanin fata a Challawa. Ni na rubuta musu ɗan shirin kwamfuta da ke buga lokacin fitar da fata daga ruwan farar ƙasa. Makon jiya fatu suka wuce lokaci suka lalace, aka kori mai kula da duron jiƙa fatun, wani dattijo ɗan Filato da kowa ke ce wa Baba.

Mun fara tsayawa ofishinsu na Bompai, inda kwamfutar take. NEPA ta ɗauke, muka jira janareta, na sake gwadawa. Ga abin: an ce a rage jiƙo da kwana ɗaya da awa shida, na rubuta '-1 6:00' yadda ƙa'idar yaren kwamfuta na SQL ta ce. A ƙa'ida, alamar ragin nan ta hau kan kwana da awa duka. Database ɗinmu kuwa, wato ma'ajiyar bayanan kwamfutar, ya rage kwanan, ya ƙara awa shidan. Awa sha biyu ke nan fatu suna cinyewa! Gyaransa? Ka sa wa kowanne nasa ragin. Minti biyu.

Daga nan muka bi ta Sharada, tireloli sun cushe hanya. Muka ci ƙosan naira hamsin a gefen kwata mai ruwan shuɗi, abokina ya ce ko rini ake so ga shi kyauta. Warin Challawa kuwa tun kafin Kumbotso ya tarbe mu.

Na shimfiɗa wa manaja takardar. "Ranka ya daɗe, Baba abin da aka buga ya bi. Kuskuren nawa ne."

Bai ko duba ba. "Ka gyara?"

"Na gyara."

"To madalla. Gurbinsa an ba wani."

Mun tarar da Baba a bakin get cikin masu jiran aikin yini. Na yi masa bayani. Ya ce, "Yarona, ai da na taɓa fatar na san ta nuna. Na faɗa, aka ce in bi takarda."

Mun dawo gida bayan la'asar. Abin da na koya: kada ka yarda database ɗinka na bin ƙa'ida sai ka gwada da lamba mai ragi. Akwai wanda kuskurensa ya taɓa korar wani daga aiki? Ku gaya mini yadda kuka yi, don ni gobe ma ta get ɗin nan zan wuce.