Ranar da Simona Ta Zauna

Duk wanda ya ci kifi a gidan abincin iyalan Waknin da ke bakin tabkin Tabariya, girkin Simona ya ci, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Tun tana 'yar makaranta mahaifinta ya tsayar da ita gaban kaskon suya, wai ta riƙe masa na ɗan lokaci kafin ya sami ma'aikaci. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai sami ma'aikacin nan ba. Ƙaninta Amram ya gaji wurin, ya gaji kujerar bakin ƙofa inda ake gaisawa da baƙi, ya kuma gaji Simona tare da firji da tukwane.

Ta taɓa aure, bai yi ƙarko ba, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Wannan ya zame wa dangi hujja. Mai 'ya'ya tana da uzuri, mai miji tana da uzuri, Simona kuwa me za ta je ta yi a gida? In Orna matar Amram za ta gyaran gashi, Simona ce za ta ɗauko yara daga makaranta. In mahaifiyarsu Zohara za ta ga likita, Simona. In mai wanke-wanke ya yi fushi ya tafi, Simona. Wayarta kullum tana aljihun rigar aiki, ta sha maiƙo har lambobin sun dushe, kuma ba a taɓa kiranta don a ji lafiyarta ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yabon da suke mata. "Simona ai zinariya ce," in ji su, alhali babu wanda ya taɓa ce wa zinariyar ta zauna ta sha ruwa.

Yahudawa ne, amma gidansu ba na masu tsananin addini ba ne. Ana azumin Kippur, ana cin gurasa marar yisti a Idin Ƙetarewa, sauran kuwa mahaifinsu ya ce Allah ya san halin mai neman abinci. Asabar ce ranar cinikinsu, domin yawancin shagunan gari a rufe suke saboda Shabat, ranar hutun da addini ya hana aiki a cikinta, masu yawon shaƙatawa kuma sun cika bakin ruwa da yunwarsu. Zohara ta taso a Maroko a gidan da ake kunna kyandir kowace Juma'a da yamma, amma tun da ta auri mai gidan abinci ta bar wannan, ta koma ɓare tafarnuwa a lungun kicin.

Wata Juma'a mai ya fantsamo wa Simona a hannu. Likita ya naɗe, ya ce kada ta kusanci wuta sai ya gani. Amram ya sallame ta yana ɓata rai kamar da gangan ta ƙone. A matakalar gidansu, can saman tudu, ta haɗu da maƙwabciyarta Hasiba, tsohuwa mai baki, ɗauke da burodin Shabat.

"Yau kam an sako ki da rana tsaka?" in ji Hasiba. "To taho ki kunna kyandir tare da ni, ko da hagu ne."

Simona ta bi ta don dai ba ta iya ƙin mutum. Kafin rana ta faɗi Hasiba ta miƙo hannu ta karɓi wayar, ta kashe, ta jefa cikin durowar cokula. Suka kunna kyandir, suka rufe ido, tsohuwar ta ja addu'a, Simona ta bi ta da ƙyar. Duk maraicen nan hannunta na kai wa aljihu yana dawowa. Washegari ta farka rana ta riga ta yi sama, abin da rabonta da shi tun ƙuruciya. Suka ci sukhina, tukunyar nan ta nama da alkama da ƙwai da ke kwana a kan farantin lantarki tun Juma'a don kada a kunna wuta. Bayan nan ta zauna a baranda tana kallon tabkin. Ta ga ashe shuɗi ne har zuwa gindin duwatsu. Ita ta tagar bayan kicin ta san shi, inda ake zubar da ruwan wanke kifi. Daɗi ya kama ta, baƙin ciki kuma ya biyo baya, har ta rasa wanda za ta yi wa kuka a cikinsu.

Da hannu ya warke ta gaya wa Amram cewa daga yammacin Juma'a zuwa fitowar taurarin Asabar ba za ta ƙara zuwa aiki ba.

"To, madalla. Mun yi matar malam a gida," in ji shi. "Yaushe za ki fara ba mu fatawa?"

"Ba fatawa. Sauran ranaku ina nan kamar kullum."

"Sauran ranaku wa ke cin kifi? Ke ko kunya ba ki ji, da girmanki tsohuwa ta juya miki kai?"

Orna kuwa tausayi ta ɗauka, wanda ya fi zagin ciwo. Ta riƙa gaya wa dangi cewa Simona ta kulle kanta a kurkuku: ba wuta, ba mota, ba waya, ko fitila ba ta taɓawa. A ce wai kurkuku. Matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta a ɗakin da ba a iya miƙe hannu biyu, cikin ƙarni da hayaƙi, ba su ga kurkuku a nan ba, sai ranar da ta sa farar riga ta zauna a baranda.

Gaskiyar magana, Simona ba ta iya cewa a'a da bakinta ba, kuma har yau ba ta iya ba. In ta ce ta gaji, za a ce kowa ma ya gaji. In ta ce kanta na ciwo, za a miƙo mata magani. Amma Shabat ba a rarrashinsa. Ba ita ta kafa dokar ba, don haka ba ta da ikon sassauta ta, kuma wannan rashin iko shi ne 'yancin farko da ta taɓa samu. Ta fara zuwa majami'a da safe, tana zama a sashen mata kusa da Hasiba. A wurin karatun da matar malamin ke yi musu ta koyi cewa ceton rai ya fi Shabat, in rai na cikin haɗari wajibi ne a karya komai ba tare da jinkiri ba. Da zuciya ɗaya ta kai wa Amram wannan magana.

"Wayata a kashe take, amma in rai ne ka zo ka buga ƙofa. Zan fito."

Ya ce ya ji. Ya kuwa ji, ya ajiye.

Wata Asabar cikin tsananin zafi, ta dawo daga majami'a ke nan ta zuba sukhina a faranti, sai ga bugun ƙofa kamar za a ɓalle ta. Amram ne, gumi ya jiƙa masa riga.

"Ima, mahaifiyarmu, ta faɗi a kicin. Numfashinta sama-sama."

"Ka kira motar asibiti?"

"Tana hanya. Taho, ke take kira."

Ba ta tsaya neman takalmi ba, da silifas ɗin ɗaki ta sauka. Ta shiga mota ranar Shabat, a gaban maƙwabta masu dawowa daga ibada, ba ta ji ko ɗar ba. Duk gangaren nan tana karanta abin da ta haddace na Zabura, tana roƙon Allah ya sa ta iske uwarta da rai.

Ta iske ta da rai. Zohara na zaune a lungunta, kwano a cinya, tana ɓare tafarnuwa. Ta ɗago kai ta ga 'yarta cikin farar riga, ido jawur.

"Lafiya, Simona? Me ya fito da ke yau?"

Simona ta duba ko'ina. Manyan motoci biyu na masu yawon buɗe ido sun sauke mutane, tebura sun cika har waje. Mai suyar da aka ɗauka don ranakun Asabar bai zo ba. Kifin karfasa jibge a cikin baho ba a kankare ba, Orna na tsaye gaban kasko tana riƙe da matsami nesa da jikinta kamar zai cije ta. Amram ya zaro rigar aikin Simona daga ƙusa ya miƙo mata, ko kunya babu a idonsa.

"Ki yi haƙuri, ba yadda zan yi ne. Tunda dai kin riga kin shiga mota, Shabat ɗin ya karye. Na yau ya wuce, sai ki rama mako mai zuwa. Ɗaura mu sallami mutanen nan."

A nan ya yi kuskure. Shi a tunaninsa Shabat kamar faranti ne, in ya tsage sai a jefar. Simona ta dubi rigar, tsoron da ta sha a mota bai gama sakinta ba, ga fushi ya hau kansa.

"Ban karya komai ba," ta ce a hankali. "Don ran uwata na shiga mota, kuma ko gobe ka zo ka ce rai ne zan sake shiga. Ƙaryar taka ce, kai za ka ɗauke ta. Shabat ɗina yana nan yadda na baro shi."

Ba ta karɓi rigar ba. Tana iya takawa ta hau tudu a ƙafa, doka ba ta hana ba, amma ba ta tafi ba. Ta jawo kujerar roba ta dasa a tsakiyar kicin, tsakanin kasko da wurin wanke-wanke, daidai inda kowa zai ratsa. Ta zauna, ta haɗa hannuwa a cinya. Masu kai abinci suka riƙa kewaye ta da tire. Babu wanda ya taɓa ganinta a zaune a ɗakin nan, har wani ya tambaya ko ba ta da lafiya.

Zohara ta daina ɓare tafarnuwa tun ɗazu. Ta dubi ɗanta.

"Me ka ce mata ya same ni?"

"Ima, ba lokacin wannan ba ne, mutane na jira."

"Na ce me ka gaya mata?"

Simona ce ta amsa. "Ya ce kin faɗi, numfashinki sama-sama."

Tsohuwar ta juya ga Amram. "Ashe har ka kashe ni saboda karfasa," ta ce.

Amram ya fara rantse-rantse, Orna na kiran sunansa domin kifin farko ya yi baƙi. Zohara ta sauke kwanon a ƙasa, ta ɗora wuƙar a kai. Ta kwance rigar aikinta, ta goge hannu, ta jawo kujerarta da ƙyar har ta kai ta kusa da ta 'yarta. Ta zauna tana haki.

"Wannan kyandir ɗin," ta ce, ba ta dubi kowa ba, "guda biyu kike kunnawa, irin na gidan babana?"

"Biyu, Ima."

"To Juma'a ki zo ki ɗauke ni kafin rana ta faɗi. Ki ce wa Hasiba ta ƙara ƙwai a tukunya."